Hawayen Uwa Da Tafiyar Ɗa Aikin Sojan Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore teku domin jirage su gudana a cikinta da umurninsa, ya kuma sanya tausayi a zukatan iyaye mata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wani al'amari ne da ke aukuwa a gidaje da yawa, amma ba safai akan ji an tashe shi a majalisin malamai ba, watau halin da uwa ke shiga ranar da ɗanta ya ɗauki jakarsa zai tafi wurin horon kuratan sojan ruwa. Rundunar sojan ruwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a shekarar 1956, tana horar da kuratanta a Onne, cikin ƙaramar hukumar Eleme ta Jihar Ribas, kusa da Fatakwal. Daga Kano zuwa can tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Yaro yakan shiga yana ɗan shekara 18 ko sama da haka kaɗan, ya yi wajen wata 6 yana fama da fareti da gudu da iyo da sarrafa makami, ga tashin asuba ga ƙarancin barci, magana da gida kuwa ba ta samuwa yadda aka saba.

Wannan rabuwa tana da nauyi ga kowace uwa, amma ga uwa ta ƙasar Hausa nauyin ninki biyu ne. Na farko, da yawa daga cikin iyayen nan mata ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, abin da suka sani na ruwa shi ne kogi da tafki da kududdufi, kuma ba abin da sukan ji game da shi sai labarin kifewar kwalekwale da damina. Na biyu kuwa, al'ada ta ɗora mata kunya da kara. In ɗan fari ne, ko sunansa ba ta iya kira, balle ta rungume shi a zaure ta yi kuka a gaban mutane. Sai ta tsaya daga bakin ƙofar ɗaki ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, ta koma ciki ta haɗiye sauran. Tuwo ya ƙi ciyuwa, barci ya ƙaurace wa ido, in an yi sallama a waje gabanta ya faɗi. Idan kuwa hawaye suka ci amanarta wani ya gani, sai a ce mata, haba, ina tawakkalinki?

To, a nan tambayoyi uku suka taso. Shin kukan nan nata raunin imani ne? Shin shari'a ta ba ta ikon hana shi tafiya? Idan kuma ta ba ta, ya kamata ta yi aiki da ikon ko kuwa ta sake shi?

Game da ta farko, Alƙur'ani mai girma ya riga ya yanke magana da ƙissar mahaifiyar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a farkon Suratul Ƙasasi. Ita ma ruwa ta miƙa wa ɗanta, kuma jariri ne a cikin akwati. Allah da kansa ya kimsa mata yin haka, ya hana ta tsoro da baƙin ciki, ya yi mata alkawarin mayar mata da shi. Duk da wannan alkawari, aya ta 10 ta ba da labarin cewa gari ya waye zuciyarta ba kome a ciki sai tunanin ɗan, har ta yi kusa ta tona asirin da kanta, ba domin Allah ya ƙarfafe ta ba. Ke nan matar da aka yi wa alkawari daga sama ma zuciyarta ta girgiza, kuma ba a zarge ta ba, sai ma aka tallafe ta. Ina ga wadda ba ta da kome a hannu sai fata da addu'a?

Haka kuma Annabi Yaƙubu, a Suratu Yusuf. Tun ranar da 'ya'yansa suka nemi tafiya daji da Yusufu ya gaya musu a fili cewa tafiyar tana baƙanta masa rai, yana kuma tsoron kerkeci. Bayan rabuwa ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Alhali kuwa shi ne wanda Alƙur'ani ya ambace shi da kyakkyawan haƙuri har sau biyu a surar. Yaya aka yi kuka da haƙuri suka haɗu a mutum guda? Amsar tana aya ta 86, inda ya nuna cewa kukansa ga Allah kaɗai yake kai shi. Shugaban halitta ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idanunsa sun zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahimu a shekara ta 10 bayan Hijira, har Abdurrahmanu ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. A wata ranar kuma, sa'ad da ya je gaida Sa'adu ɗan Ubada ba shi da lafiya, ya bayyana wa sahabbai cewa Allah ba ya azaba saboda hawayen ido ko ɓacin zuciya, harshe ne ke jawo azaba ko rahama.

Daga nan malamai suka fitar da ma'anar haƙuri, watau tsare harshe daga furta abin da ke nuna fushi da hukuncin Allah, da tsare gaɓoɓi daga aikin jahiliyya kamar marin fuska da yage tufa. Zafin da ke cikin ƙirji kuwa ba a ɗora wa bawa kawar da shi ba, domin ba shi ya sanya shi ba. Saboda haka wanda ya ga uwa tana hawaye don kewar ɗanta ya tuhume ta da ƙarancin tawakkali, lalle ya tsananta abin da Allah ya sauƙaƙa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, uwar ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da su. Addinin da ya kula da zuciyar tsuntsuwa ba zai yi wa zuciyar 'yar Adam dariya ba.

Tambaya ta biyu ta hukunci ce, kuma amsarta za ta ba samari da yawa mamaki. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wani mutum ya zo neman izinin fita yaƙi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce suna raye sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Nasa'i kuma ya kawo labarin Jahima, wanda aka umurce shi da lizimtar mahaifiyarsa aka kuma nuna masa cewa Aljannarsa tana wajen ƙafafunta. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar a cikin Risala, littafin da almajiran ƙasar nan suka tashi da shi, cewa ba a fita yaƙi sai da izinin iyaye biyu, sai fa in abokan gaba sun auko wa gari ba zato, to a nan tunkuɗe su ya wajaba a kan kowa, ba a jiran izini. Shehu Halilu ya ƙara da wani abu a cikin Muhtasar wanda ya dace da wannan magana ƙwarai, domin ya ambaci tafiyar teku da sunanta a cikin abin da iyaye ke da ikon hana ɗansu, matuƙar abin da zai je yi farilla ce ta kifaya, watau wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura.

Aikin soja na zamanin nan aiki ne na hukuma, da albashi da sharuɗɗa, ba a kuma tilasta wa kowa shigarsa. Idan har an nemi izinin uwa a fita tare da Annabi, neman izininta a wannan ya fi cancanta. Yaron da ya cika takarda a ɓoye, ya je tantancewa a ɓoye, bai buɗe baki ba sai ana gobe tafiya, ya tauye wa mahaifiyarsa haƙƙi, ko da abin da ya nufa alheri ne. Wadda ta ɗauki cikinsa cikin wahala a kan wahala, ta shayar da shi shekara biyu, kamar yadda Suratu Luƙman ta tunatar, ba ta cancanci ta ji labarin tafiyarsa a bakin maƙwabta ba.

Amma fa samun iko daban, yin aiki da shi daban, kuma nan ne tambaya ta uku take, wadda ita ce mafi wuya. Akwai uwar da hanawarta gaskiya ce tsantsa. Tsohuwa ce ko majinyaciya, mijinta ya rasu, ba ta da wani mai ɗebo mata ruwa ko kai ta asibiti sai wannan ɗa. Irin wannan in ta ce kada ya tafi, sai ya zauna, ya nemi abincinsa kusa da ita, kuma ba zai taɓe ba. Uwaisul Ƙarani ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa har bai sadu da Annabi ba, amma Annabi ya yabe shi, ya umurci Umaru da ya nemi ya roƙa masa gafara.

Akwai kuma uwar da ke da miji da sauran 'ya'ya da lafiya, ba abin da ke hana ta sakin yaron sai tsoron ruwa da ƙin rabuwa. Ita ce ya kamata ta zauna ta yi wa kanta hisabi. Ɗa amana ne aka ba ta ta rene shi, ba dukiya ba ce da za ta ƙulle a adaka, Hausawa kuma suka ce ɗa na kowa ne. Tsoron nan nata ba abin kunya ba ne, domin wanda ya fi ta ƙarfin zuciya ya ji shi. Sayyidina Umaru ya ƙi yarda Musulmi su yi yaƙi ta teku duk tsawon halifancinsa, saboda tausayin rayukansu, ko da yake Mu'awiya ya yi ta roƙonsa daga Sham. Sai a zamanin Sayyidina Usmanu aka ba da izini, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa, wanda ya zaɓa da kansa shi za a ɗauka. Da wannan izini rundunar ruwa ta farko a Musulunci ta tashi zuwa tsibirin Ƙubrus a shekara ta 28 bayan Hijira.

Abin lura shi ne, a cikin rundunar nan akwai mace, Ummu Harami 'yar Milhana, matar Ubadatu ɗan Samitu. Shekaru kafin haka Annabi ya yi barcin rana a gidanta, ya farka yana murmushi, ya ba ta labarin an nuna masa wasu mutane daga al'ummarsa suna keta teku saboda Allah, cikin kwarjini irin na sarakuna. Ba ta tsorata ba, sai ta roƙe shi ya yi addu'a ta zama cikinsu, ya kuwa yi. Ta hau tekun, ta ƙetare lafiya, ruwa bai ci ta ba. Bayan an sauka a tudu ne dabbar da ta hau ta kayar da ita ta rasu, kabarinta yana kusa da garin Larnaka. Wannan ƙissa ta isa wa'azi ga mai tsammanin ajali a cikin ruwa kaɗai yake. Aya ta 78 ta Suratun Nisa'i ta sanar da cewa mutuwa tana riskar mutum ko yana cikin ganuwa mai tsawo. Hatsarin mota a hanyar kasuwa da zazzaɓin damina sun ɗauke samarin da ba su taɓa barin unguwarsu ba.

Sa'an nan kuma zaman gidan ma yana da nasa hatsarin da ba a cika lissafawa ba. Saurayin da ya gama makaranta ya rasa abin yi, ya wuni a bakin titi shekara da shekaru, yana fuskantar shaye-shaye da miyagun abokai da bangar siyasa. Uwar da ta hana ɗanta sana'ar halal don kada ta yi kewar wata 6, tana iya sayen baƙin cikin shekara 20 ba ta sani ba.

Har wa yau, tsaron ƙasa farilla ce a wuyan jama'a. 'Yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai da masu shigo da makamai ta ruwa, ɓarnarsu tana isa har ƙauyen da bai san teku ba, ta hanyar tsadar kaya da yawaitar bindigogi. Sojan ruwa kuma ba a kudu kaɗai yake aiki ba, yana da sansani a Baga, bakin tafkin Chadi. Buhari ya ruwaito cewa dakon rana ɗaya a bakin iyaka saboda Allah ya fi duniya da abin da ke cikinta, Tirmizi kuma ya kawo bushara ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, cewa wuta ba za ta shafe shi ba. Wanda ya kyautata niyya, ya nufi kare rayukan bayin Allah da dukiyoyinsu, ana fata masa rabo daga wannan falala. In kowace uwa ta ce sai dai ɗan wata, wa zai tsaya? 'Ya'yan Arewa kuwa ba baƙi ba ne a wannan aiki. Murtala Nyako, mutumin Adamawa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023, kowannensu kuwa akwai ranar da ya bar gida yana yaro.

Wani zai ce, to ai aikin ɗamara yana da ƙura, akwai zalunci da cin hanci da sakaci da salla. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne ya kamata damuwar uwa ta fi ƙarfi, domin nutsewa cikin haram ta fi nutsewa cikin teku muni. Amma maganinta shi ne wasiyya da tarbiyya. Ta zaunar da shi kafin ya tafi, ta ɗaure shi da salla a kan lokaci, a tudu ko a jirgi, ta gaya masa kakin da zai sa amana ne, kada ya ɗaga hannu a kan mai rauni, kada ya ci kuɗin da bai yi guminsa ba, ya bi na gaba da shi cikin abin da yake daidai, ya kuma san cewa ba a yi wa abin halitta biyayya cikin saɓon Mahalicci. Wasiyyar uwa a daren tafiya takan zauna a kunnen ɗa fiye da huɗubar limami goma.

Abubuwa uku ne ya wajaba ta nisanta. Na farko baki. Muslimu ya ruwaito hani ga mutum ya yi mummunar addu'a a kan 'ya'yansa, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Kalma irin ta "je ka ka gani" da aka furta cikin fushi tana iya zama abin nadama har abada. Na biyu bokaye da 'yan tsibbu masu sayar da maganin ruwa da maganin harsashi, waɗanda kasuwarsu ba ta ci sai a kan tsoron iyaye mata. Wanda ya tsare Musa a cikin akwati, ya tsare Yunusa a cikin kifi, bai bukaci guru ko ƙaho ba. Na uku ba da toshiya don a sama wa yaro gurbi. Rundunar ta sha sanarwa cewa neman shiga kyauta ne, masu karɓar kuɗi 'yan damfara ne, kuma aikin da aka buɗe ƙofarsa da haram da wuya a ga albarkarsa.

Abin da aka halatta mata kuwa yana da yawa. Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Annabi Yaƙubu ya umurci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi dabam-dabam, yana sane da cewa wannan ba zai tunkuɗe ƙaddara ba. Mahaifiyar Musa ta aiki 'yar'uwarsa ta bi sawunsa ta gano inda yake. Hajara, da aka bar ta da Isma'ilu a kwarin Makka, ta sakankance Allah ba zai tozarta su ba, amma ta yi ta kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau 7, Allah kuma ya mayar da wannan fafutika ta uwa ibada ga mahajjata har tashin ƙiyama. Saboda haka ta nemi labarinsa ta hanyar da ta dace, ta yi masa guzuri, ta yi sadaka, ta sallame shi da irin sallamar da Annabi ya koyar, wadda ake damƙa addinin matafiyi da amanarsa da ƙarshen ayyukansa ga Allah. Ta tashi cikin sulusin dare na ƙarshe, tun da dai barcin ya ƙi zuwa, ta mayar da rashin barcin ibada. Addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin addu'o'i uku da hadisi ya ce ba a mayar da su.

Sauran mutanen gida su ma akwai abin da ya hau kansu. Maigida ya sani cewa shirun matarsa kara ce, zafin yana nan, sai ya tausasa mata, in ya sami labarin yaron ya fara kai mata. Abokiyar zama da maƙwabta su daina kawo mata labarin wane da ruwa ya ci da wane da ya dawo a gurgunce, domin tsoratar da Musulmi haramun ne. Shi kuma yaron, duk sa'ad da ya sami dama ya kira ta, kada ya cika ta da ƙorafin wahalar horo, kada kuma ya yi mata ƙarya. In albashi ya fara shigowa ya tuna da ita kafin ya tuna da abokai. Shugabanninsa kuwa su tuna cewa kowane kurtu da ke tsaye a filin fareti akwai wata da ta ba da aronsa, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya cika wa mahaifiyar Musa alkawari, ya mayar mata da ɗanta domin hankalinta ya kwanta, ya kuma tara Yaƙubu da Yusufu bayan shekaru masu yawa. Ba kowace uwa aka yi wa irin wannan alkawari da suna ba, gaibu kuwa sai Allah. Amma an gaya wa kowa abin da ya ishe shi dogara. Wata rana aka zo wa Annabi da kamammun yaƙi, a cikinsu akwai wata mace tana ta neman jaririnta, da ta same shi sai ta manna shi a ƙirjinta tana shayar da shi. Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin wannan za ta jefa ɗanta wuta, suka ce ba za ta yi ba matuƙar tana da iko, sai ya sanar da su cewa tausayin Allah ga bayinsa ya fi nata ga ɗanta. Uwar da ta saki ɗanta da albarka ta miƙa shi ne ga wanda ya fi ta sonsa da alheri, ya kuma fi ta ikon tsare shi, a Onne yake ko a tsakiyar teku ko a kan tabarmar ɗakinta.

Allah ya sanyaya zukatan iyaye mata, ya tsare 'ya'yansu a tudu da ruwa, ya mayar da su gida lafiya da imaninsu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.